Rigar da aka ninke sau biyu

Muna cikin shekara ta uku da fara zaman karatun sababbin wasannin kwaikwayo wata matashiya ta kawo mini rubutunta, shafi 41, a cikin ambulan da duk ya yamutse saboda riƙo. Zaman namu ba wani babban abu ba ne. Sau ɗaya a wata muke haɗuwa a wani ɗaki da aka ba mu aro, mu zagaye da kujeru, 'yan wasa su riƙe takarda su karanta, marubuci ya koma gefe yana saurare. Ni nake zaɓen abin da za a karanta, ni nake jan ragamar tattaunawa bayan an gama.

Wasan nata mutum biyu ne kacal, ya da ƙanwa, suna kwashe kayan ɗakin mahaifinsu bayan rasuwarsa. Babbar ita ta zauna ta yi jinyarsa shekara da shekaru. Ƙaramar ta yi nisa, sai yanzu ta dawo. Babu faɗa, babu zagi, babu wanda ya ɗaga murya. A fitowa ta huɗu akwai wani wuri da marubuciyar ta rubuta umarni kaɗai: Yaya ta ɗauki rigarsa. Ta ninke. Ta warware. Ta sake ninkewa. Can sai ƙanwar ta ce, "Yaya, kawo in taya ki." Ba ta tanka ba.

Ranar da aka fara karantawa, wadda ta ɗauki matsayin yayar ta cire gyalenta ta mai da shi rigar. Ta shimfiɗa shi a kan cinya, ta bi gefensa da tafin hannu tana goge ƙura da babu ita, ta ninke a hankali. Ɗakin ya yi tsit. Na ga wani ɗan wasanmu da ya fi shekara 20 a kan dandamali ya sunkuyar da kai yana murza ido.

Sai na buɗe fili da maganar da na saba: kowa ya faɗi abin da ya gani. Mu 14 ne a ɗakin, kuma kusan kowa ya zo da magani. Wani ya ce a ƙaro ɗan'uwa namiji mai neman gado don wasan ya yi zafi. Wata ta ce dole a gaya mana abin da ya kori ƙanwar daga gida. Wani ya ce ƙarshen bai ƙare ba. Ni kuwa na koma gida na rubuta mata shafi 4 na gyare-gyare, kuma na farkonsu shi ne ta cire ninkin rigar nan, don a ganina 'yan kallo ba za su jure shiru mai tsawo haka ba. Da idona na ga abin da shirun ya yi wa ɗakin, amma da na zauna gaban takarda sai na fi yarda da ƙa'idojin da ke kaina. Ta karɓa da hannu biyu, ta ce, "To Malam, na gode," ta tafi.

Bayan wata 3 ta dawo da shafi 68. Ɗan'uwan ya shigo, an tono wata wasiƙa ta sirri, an yi cacar baki, an warware kowane ƙulli. Muka karanta. Babu wanda ya sami abin kushewa, babu kuma wanda ya sunkuyar da kai. Muka ƙara mata wasu gyare-gyaren. Ta kawo daftari na uku. Daga nan ba mu sake ganinta ba.

Kusan shekara guda kafin mu haɗu, a wajen kallon wasan wasu. Na tambaye ta ina aka kwana. Ta ɗan yi jim, sannan ta ce, "Malam, ni fa ban san wasan wa nake rubutawa ba kuma. Duk wanda na tuna fuskarsa a ɗakin nan sai in ƙara masa layi." Maganar nan ta zauna mini a ƙirji kwana da kwanaki. An ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, amma namu ya zama. Yarinya ta kawo kayanta, mu 14 muka sauke, kowa ya ɗauki rabonsa, muka bar ta da igiya.

Wannan ne ya sa na koma neman yadda waɗanda suka riga mu suke yi. Na tarar aikin da nake ta yi da ka yana da suna da tarihi. Jamusawa suna kiran mai yin sa diramatug, kuma ana danganta farkonsa da Gotthold Lessing, wanda gidan wasan ƙasa na Hambug ya ɗauka a 1767 don ya riƙa nazarin wasannin da ake sakawa. A Amurka akwai cibiyar Eugene O'Neill a jihar Konetikat, wadda tun 1965 take tara marubuta duk shekara. Darakta Lloyd Richards ya jagoranci taron daga 1968 zuwa 1999. Tsarinsu ya ba ni kunya don sauƙinsa: 'yan kwanaki na gwaji, 'yan wasa riƙe da takarda a hannu, wasu akwatuna a madadin kayan ado, sannan a yi a gaban mutane. Manufar ita ce marubuci ya ji abin da ya rubuta yana tsaye da ƙafafunsa. Ta wannan ƙofa August Wilson, shahararren marubucin wasan kwaikwayo na Amurka, ya shigo a 1982, bayan an taɓa mayar masa da rubutunsa, kuma daga nan shi da Richards suka yi shekaru suna aiki tare.

Abin da ya fi canza mini hannu shi ne hanyar da Liz Lerman, wata mai tsara raye-raye a Amurka, ta fito da ita a 1990 don tattauna aikin da bai kammala ba. Da farko masu sauraro suna faɗin abin da ya taɓa su ko ya maƙale musu a rai, ba tare da hukunci ba. Sannan mai aikin ne yake yin tambaya, a amsa masa iya abin da ya tambaya. Sai masu sauraro su yi nasu tambayoyin, amma tambayar da ba ta ɗauke da ra'ayi a ɓoye. A ƙarshe, mai ra'ayi ya nemi izini: ina da ra'ayi a kan kaza, kana so ka ji? Mai aikin yana da damar cewa a'a.

Mataki na uku nan ne wahalar take, kuma nan na fi daɗewa ina koya wa kaina da mutanena. "Me ya sa fitowa ta huɗu ta yi sanyi haka?" ba tambaya ba ce, hukunci ne aka sa wa alamar tambaya. "Me kike so mu ji a lokacin da take ninke rigar?" ita ce tambaya. Da na yi wa yarinyar nan wannan tun ranar farko, da ta gaya mini abin da ta gaya mini daga baya, cewa yayar ta san in ta gama ninke rigar nan aikinta na shekaru ya ƙare, ba ta kuma san ko ita wace ce ba in babu majinyaci. Duk wasan a nan yake. Shi na ce a cire.

Ba wai na daina ba da gyara ba ne. Akwai rubutun da yake buƙatar a faɗa wa mai shi gaskiya, cewa rabinsa na biyu bai tsaya ba, kuma ɓoye masa hakan ba tausayi ba ne. Bambancin da na koya shi ne tsakanin ba da rahoto da rubuta magani. In na ce "a shafi na 23 na ɓata, ban san wa ke magana da wa ba," na ba marubuci abin da ba zai iya gani da kansa ba, domin shi komai a fili yake a kansa. In na ce "ƙaro mutum na uku," na fara rubuta nawa wasan da alƙalaminsa. Marubuci sabon shiga, musamman wanda yake ganin girmanka, ba zai iya ce maka a'a ba. "To Malam" ɗin nan da na ɗauka amincewa ce, ladabi ne kawai. Shi ya sa yanzu nake gaya wa kowa tun ranar farko cewa ya adana daftarinsa na asali, kuma ba za a sauya ko kalma ɗaya ba sai da yardarsa, ko a ɗakin gwaji ko a kan dandamali. Muna rubuta wannan a takarda mu sa hannu, tare da cewa wasan mallakarsa ne da kuma kason da zai samu daga kuɗin ƙofa. Ko kason bai taka kara ya karya ba, marubucin da aka ba haƙƙinsa zamansa a ɗakin gwaji daban ne da na wanda yake ganin alfarma ake yi masa.

Sai kuma wani laifin namu da ban gane ba sai daga baya: karatu ya zame mana gida. Karatu ba ya cin kuɗi, ba ya buƙatar fitilu, ba ya jawo wa kowa kunya in wasan bai karɓu ba. Sai ka ga rubutu ya yi shekara 2 yana yawo daga wannan zama zuwa wancan, kowane zama da nasa gyaran, har ya gaji ya mutu bai taɓa ganin 'yan kallo ba. Wannan ciwo ba namu ne kaɗai ba. A 2003 wasu marubuta 13 a Niyok suka gaji da shi, suka kafa ƙungiyar 13P a kan cewa su ba raino suke wa wasa ba, yin sa suke. Suka saka wasan kowannensu ɗaya bayan ɗaya, da aka gama na 13 a 2012 suka rufe ƙungiyar kamar yadda suka yi alkawari. Tun kafin su, gidan wasan Royal Court na Landan, a ƙarƙashin George Devine, ya kasance yana ware daren Lahadi don saka sababbin wasanni ba tare da kayan ado ba. Wole Soyinka ya yi aikin karanta rubuce-rubuce a gidan, kuma a irin wannan dare ne aka saka aikinsa a 1959. Sai muka kafa wa kanmu doka: karatu 2 ne iyaka. Bayan na biyu, ko mu sa ranar hawa dandamali, ko mu gaya wa marubuci kai tsaye cewa ba za mu iya ba, ya kai wani wurin tun da sauran ƙarfinsa.

Na nemi yarinyar na ba ta haƙuri, na tambaya ko daftarin farko yana nan. Yana nan, a cikin ambulan ɗin nan. Muka sa rana, mako 7 a gaba. A wannan karon na zauna a baya na kama bakina, ita ta zauna kusa da darakta da fensir. Gyaran da aka yi duk daga kunnenta ya fito. Akwai wani layi da mai matsayin ƙanwar ta yi tuntuɓe a kansa sau 3 a jere. A karo na uku marubuciyar ta ɗaga hannu ta ce, "Anti, bar shi, ba laifinki ba ne. Ba haka mutum yake magana ba." Ta soke rabin layin nan take. Ta kuma cire wata fitowa sukutum wadda babu ɗayanmu da ya taɓa ce mata komai a kanta, don da ta gan ta a tsaye ta gane maimaici ce. Daga duk abin da muka tula mata a baya, abu ɗaya ta riƙe, wato 'yar alama a farko cewa ƙanwar ta sha yin alkawarin zuwa ba ta zo ba. Layi 2 ta ba shi.

Daren farko na tsaya a bayan zaure da agogo a hannu. Ninkin rigar ya ɗauki minti 1 da daƙiƙa 40. Ko tari ba a yi ba. Da ƙanwar ta ce "Yaya, kawo in taya ki," sai wata dattijuwa a layi na biyu ta girgiza kai, a hankali, tun kafin yayar ta ƙi amsawa.

Watan jiya ta kawo mini sabon rubutu, shafi 55, mutum 5 a ciki. Na karanta sau biyu, akwai wurare 2 da na ɓata, na sa musu alama da fensir. Da ta zo na ce, "Ƙanwata, me kike so ki ji ranar karatu?" Ta ce tana son ta san ko za a gane tsohon da ke fitowa ta farko yana ƙarya. Muka sa ranar 9 ga wata, na ce ta zaɓi waɗanda take so su shigo ɗakin. Ta rubuta sunan mutum 6.