Abin da Gombe za ta koya daga masu nonon Indiya

Idan ana maganar ƙasashen da suka rage talauci, akasarin masu sharhi kan ambaci Sin da manyan masana'antunta, amma a ganina darasin da ya fi dacewa da Jihar Gombe yana jihar Gujarat ta ƙasar Indiya, inda ƙananan masu kiwo, waɗanda da yawansu ba su mallaki fiye da dabba biyu ko uku ba, suka mayar da nono hanyar samun kuɗin cefane na yau da kullum.

A shekarar 1946 manoman gundumar Kaira suka gaji da yadda dillalai da kamfanin Polson ke sayen madararsu a farashin da suka ga dama, don haka suka kafa ƙungiyar haɗin kai a garin Anand ƙarƙashin jagorancin Tribhuvandas Patel. Wannan ƙungiya ce ta haifi Amul, sanannen tambarin kayan madara a Indiya, kuma wani injiniya mai suna Verghese Kurien ya shafe shekaru yana tafiyar da ita. Tsarin ba shi da wuyar fahimta. Kowane ƙauye yana da wurin karɓar madara safe da yamma, mace ta zo da ɗan abin da ta tatsa ko da lita ɗaya ce, a auna, a gwada yawan man da ke ciki a gabanta, a biya ta gwargwadon ingancinsa ba tare da dogon jira ba. Ƙungiyoyin ƙauyuka su ne suka mallaki masana'antar gunduma, saboda haka ribar sarrafawa tana komawa ga masu dabbobin, wani ɓangare kuma ya tafi ga likitan dabbobi da abincin kiwo.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda Indiya ta yi da tallafin Turai. Da aka ƙaddamar da shirin bunƙasa samar da madara na Operation Flood a 1970, ba a raba garin madarar da aka ba ƙasar kyauta ba, domin hakan zai karya farashin na gida. Sayar da shi aka yi a birane, aka zuba kuɗin wajen kafa irin waɗannan ƙungiyoyi a sauran jihohi, kuma zuwa 1998 Indiya ta zarce Amurka ta zama ta ɗaya a duniya wajen samar da madara.

Mu a nan shanun muna da su, daga Dukku zuwa Nafada, har da gandun kiwo na Wawa Zange, amma madarar da mai shayi ke zubawa a tashar mota ta gari ce da aka shigo da ita daga ƙetare. Duk wanda ya lura da masu tallar nono a kasuwar Gombe da damina ya san matsalar. Mace ta taso daga ruga tun da sassafe da ƙwarya a ka, ta biya kuɗin mota, ta tarar kasuwa ta cika da kindirmo, zuwa la'asar kuma dole ta karyar da farashi kafin ya yi tsami. Da rani ya shigo sai garken ya yi nisa neman ciyawa, nonon ya ja baya, farashi ya tashi a lokacin da ba ta da abin sayarwa.

Sai dai kwaikwayon yana da haɗari idan ginin kawai aka kwaso. Abu ne mai sauƙi a ba da kwangilar gina cibiyar tattara madara, a saka injin sanyaya, a yi bikin buɗewa, bayan shekara guda a tarar da kwado a ƙofa saboda babu wuta kuma babu wanda yake jin cibiyar tasa ce. Ƙarfin Anand yana cikin mallakar manoma da biyan kuɗi a kan lokaci. Akwai kuma abin da ya keɓanta da mu, wato a gidan Bafulatani nono hakkin mace ne, da shi take sayen gishiri da sabulu da kayan ɗakin 'yarta. Idan aka yi rajistar ƙungiya da sunayen maza masu garke kaɗai, za a cire kuɗin daga hannun wadda aka ce ana son taimakawa.

Shanunmu ma ba sa ba da nono da yawa, musamman da rani, don haka maganar abinci tana gaba da maganar inji. Gombe tana noma wake da gyaɗa da auduga, ga harawa, ga dusa, ga gurya, ga kuma ruwan madatsar Dadin Kowa da za a iya noma ciyawa da shi, ta yadda wasu shanun tatsa za su zauna gida ko da sauran garken ya tafi.

Saura mai saye tabbatacce, kuma a nan Birazil ta nuna hanya, domin dokarta ta 2009 ta wajabta kashe aƙalla kashi 30 cikin 100 na kuɗin ciyar da ɗalibai wajen ƙananan manoma. Da gwamnatin jiha za ta ɗaure wa kanta sayen kindirmo daga ƙungiyoyin mata don makarantun firamare na ƙaramar hukuma ɗaya tak, tana biya kowane mako, da an samu abin aunawa kafin a faɗaɗa zuwa sauran goma.