Asabar, 4 ga Maris 2023: ɓeran da aka hana mu

Yau muka gwada sabon daftarin dokokin Dungeons & Dragons, wasan tebur da ake yi da labari da jefa dayis. Kamfanin Wizards of the Coast ne ya saki daftarin a ƙarshen Fabrairu, kashin Druid da Paladin, biyu daga cikin irin jaruman da ɗan wasa ke zaɓa. Tun Agustan 2022 suke fito da shi guntu-guntu da sunan One D&D, mutane su buga su faɗi ra'ayi kafin a buga littafin gaske. Ni ke jan labari a teburinmu, don haka ni na buga takardun, na raba wa kowa bayan la'asar.

Ƙanwata ce mai Druid, wato bokan daji mai rikiɗa ya zama dabba. Tana karantawa fuskarta na canjawa. A littafin dokokin wasan na 2014, Druid na zaɓen dabba daga cikin waɗanda ya taɓa gani, ya ɗauki ƙarfinta da jininta gaba ɗaya, wato lambar da ke nuna dukan da za ta iya sha kafin ta faɗi. Wanda ya bi hanyar Moon, reshen Druid da ya fi ƙwarewa a rikiɗa, tun a mataki na 2 na girman jarumi yana iya zama beyar mai jini 34, in an cinye jinin ya dawo mutum da nasa lafiya lau. Daftarin ya share duk wannan. Siffa uku kacal ya bari: dabbar tudu, dabbar ruwa a mataki na 7, dabbar sama a mataki na 9. Ka kira kanka zaki ko akuya, lambobin ɗaya ne, kuma da jininka na mutum za ka yi faɗa.

Ba beyar ɗin ya dame ta ba. Ƙaramar halitta irin ɓera ko gizo-gizo sai an kai mataki na 11. Mu kuwa a na 5 muke, kuma rabin dabarun da suka fid da su daga masifa a labarin nan, ita ce ke zama ɓera ta bi ta ƙarƙashin ƙofa ta jiyo abin da ake ƙullawa.

Mun fara wasa duk da haka. Na ajiye su a bakin rumbun wani attajiri, dogarai biyu a ƙofa, ga rami a gindin bango wanda da gangan na sa shi. Ta dubi takardarta, ta dube ni.

"Yaya, ramin nan wa ka haƙa wa? Ni dai yanzu ba na shiga."

Aka kwashe da dariya, amma ita ba ta yi ba. Ƙarshenta sai faɗa suka yi da dogaran. Ta zama kura, ta yi cizo biyu, aka sare ta sau uku, ta koma baya tana lissafin jinin da ya rage mata. Ta ce kurar nan da ita da babu duk ɗaya.

Mai Paladin, wato jarumi mai rantsuwa ta tsarki, bai yi ƙorafi sosai ba. An taƙaita masa Divine Smite, sihirin da ke ƙara wa saransa ƙarfi, zuwa sau ɗaya a kowane zagayensa, ya ɗan yi tsaki, ya jefa dayis ya ci gaba.

Gaskiya ni ɓangare guda na ji daɗin daftarin. Wanda bai taɓa jan wasa ba bai san wahalar jira ba, a tsaya cak ana faɗa don mutum ɗaya na bincike a bayan littafi yana neman dabbar da ta fi. Kuma beyar a mataki na 2 ya fi ƙarfin duk abin da zan jefo musu. Jeremy Crawford, wanda ke jagorantar tsara dokokin a 2023, ya ce Druid ne mutane suka fi ƙarancin ɗauka, kuma na yarda sarƙaƙiyar nan tana cikin dalilan. Sai dai maganin ya yi wa mai jan labari aiki ne, ya bar mai Druid da hannu biyu. Wanda ya zaɓi rikiɗa, wannan binciken dabbobin da ke gundurata shi ne abin da ya kawo shi teburin.

Da muka tashi cin abinci gardama ta koma kan ko ra'ayin namu na da amfani. Abokina ya ce sun riga sun gama shawara, fom ɗin jin ra'ayi da suke ba mutane su cike rufe baki ne. Ban yarda ba. A Janairun 2023 mutane suka yi ca kan shirin sauya OGL, lasisin da ke ba wasu damar wallafa nasu kayan wasan, har kamfanin ya janye. Kuma Crawford ya bayyana ma'auninsu: abin da ya samu gamsuwar kashi 70 ya wuce, wanda ya faɗi ƙasa da 60 yana iya shan ƙasa. Da wuya wannan Druid ɗin ya ga 60.

Ƙanwata ta karɓi biro ta cika bayan takardarta da abin da za ta rubuta musu, har da batun a bar siffofin uku ga sabon shiga, a mayar wa sauran dabbobinsu. Sati mai zuwa za mu koma dokar 2014 a kan rikiɗa kaɗai, sauran daftarin mu ci gaba da gwadawa. Sai na sake rubuta rumbun, tunda dogaransa sun mutu.