Tarihin Rayuwata, Kashi na 6: Ranar Da Na Sayar Da Waƙata

A makon jiya mun tsaya a inda na kai baitocina situdiyo a titin Zoo Road, makaɗi ya ɗora musu kiɗa da fiyanon Yamaha. To, waƙa ta haɗu, saura kasuwa.

A lokacin, duk aikin fim ko waƙa da aka yi a Kano, Kasuwar Ƙofar Wambai yake nufa. Nan 'yan kasuwa ke sayen aiki, su buga kaset, ya bazu har Maraɗi da Damagaram. Wani furodusa ya ja ni shagon wani Alhaji, ɗan ƙuƙut, kwalaye jibge har rufi. Alhaji ya zura kaset a rikoda, ko amshi na biyu ba a kai ba ya kashe.

"Yaro, nawa za ka bari?"

"Ranka ya daɗe, duk abin da ka bayar albarka ne."

Wannan maganar ce ta cuce ni. Ya ƙirgo kuɗi ya danƙa min, ba takarda ba shaida. Na yanko wa Inna turmin atamfa, ina ji kamar ni da talauci mun yi hannun riga.

Ba a rufa wata biyu ba waƙar ta cika gari. Teburin mai shayi ita, gidan biki ita, 'yan acaɓa na rera ta a kan babur. A fim kuwa jarumi ya hau kanta yana motsa baki, kowa na cewa tasa ce. Na juya bangon kaset gaba da baya, hoton jarumai da sunan kamfani kawai. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Inna ce ma ta ce, "Auta, ba ita ce ka dame mu da ita a tsakar gida ba?"

Na koma wajen Alhaji ina kame-kame. Ya yi dariya ya ce, "Wanda ya sayar da saniya ai ba ya dawowa tatsa." Na ji haushinsa shekaru, amma a gaskiya bai yi min ƙarya ba, ciniki muka yi. Tun 1989 akwai hukumar kare haƙƙin mallaka a ƙasar nan, ni ko labarinta ban taɓa ji ba.

Daren nan na sayi littafi mai bango baƙi, na fara rubuta kowace waƙa da ranarta da wanda ya saya. Mako mai zuwa za ku ji yadda littafin ya haɗa ni faɗa da masu tura waƙoƙi a waya.