Asabar, tsakiyar Agusta: Yankari ta sha ruwa

Tun asuba ake marka a Jos, irin yayyafin nan da ba ya ƙarfi kuma ba ya ɗaukewa. Ban fita ba. Wajen ƙarfe goma Yaya ta kira, wai yara sun matsa mata tunda ana dogon hutu a kai su Yankari su ga giwa. Na ce mata in dai giwa ake so, kada a ɓata kuɗin mai. Da damina ciyawa ta fi mota tsayi, kowane kwari ya tara ruwa, dabba ba ta da dalilin zuwa inda za a gan ta. Sai rani ya yi nisa, tafkuna sun ƙafe, sannan giwa da ɓauna da gwanki ke gangarowa bakin kogin Gaji dole, don nan kaɗai ruwa ya rage. Yanzu kam abin da za su samu shi ne wanka a Wikki, ruwan ɗumin nan da ba ya wuce digiri 31 rani da damina, sai kuma birai masu fizgar leda a hannun mutum. Ta ce ni dai ban iya faranta wa yara ba, ta kashe waya.

Kawu yana zaune a tabarma yana jin mu. Ya zo daga Nguru ganin likitan ido, sanyin Jos ya hana shi sakat, yana ƙudundune cikin bargona. Ya ce, "Ɗan nan, ku mutanen dutse tsoron ruwa ke gare ku." Ban musa ba. Duk wanda ya ga abin da ambaliyar 2012 ta yi a unguwannin Rikkos da Gangare na nan Jos ba zai ji daɗin kalmar ba. Amma a wajensu, in ji shi, shekarar da kogin Haɗeja da na Jama'are ba su cika sun malala cikin fadama ba ita ce mummunar shekara. Ruwan ya shigo da kifi, a shuka shinkafa, in ya ja baya Fulani su shigo da shanu, sannan da hunturu tsuntsaye su sauko daga Turai su rufe tafkin Dagona. Ya daɗe yana faɗa a kan madatsun Tiga da Challawa, yadda suka canza tafiyar ruwan, ciyawar kachala ta toshe hanyoyin da a da kwale-kwale ke bi. Har ya manta da shayinsa ya huce.

Nan na ba shi labarin Okabango a Botswana, wurin da ke ba ni mamaki kullum. Ruwan sama yana sauka ne can a tsaunukan Angola, ya kama hanya a hankali, tafiyar fiye da kilomita 1,000, wata da watanni. Kafin ya cika fadamar sai tsakanin Yuni da Agusta, lokacin da su can suke tsakiyar rani, ƙasa ta bushe ƙayau. Ka ji ikon Allah: ambaliya babu hadari. Kogin ba ya kaiwa teku, a yashin Kalahari yake ƙarewa, rana da tsirrai su shanye shi. Dabbobin jeji kuwa daga ko'ina sai su yo ca, giwa tana ratsa ruwa, dorina da kada sun baje, masu yawon buɗe ido suna bin su a ƙananan kwale-kwale da ake turawa da gora. A 2014 hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa wurin cikin jerin wuraren tarihi na duniya, shi ne na 1,000.

Kawu ya ce, "Wato Bature zai biya kuɗi a tura shi da gora? Ai ni da ƙuruciyata kyauta nake yi." Muka yi ta dariya.

Ni dai ganina, ba yawan ruwan ba ne matsala a wajen dabba, zuwansa ne ba a kan lokaci ba, ko kuma ya tarar da ita a ɗaure. Ta jeji ta san tudun da za ta hau. A watan Mayun 2024 kogin Talek ya balle a gandun dajin Masai Mara na Kenya, waɗanda aka kwasa da jirgi mai saukar ungulu baƙi ne da ma'aikatan masaukan da aka gina a bakin kogi. Cikin Satumbar shekarar madatsar Alau ta fashe, ruwa ya shiga gidan namun daji na Maiduguri, yawancin dabbobin suka mutu a keji, kadoji da macizai suka bi ruwa cikin unguwanni. Da na ambaci wannan Kawu ya yi salati, don yana da 'yan'uwa a unguwar Gwange ta Maiduguri.

Bayan la'asar Yaya ta sake kira. Mun tsayar da Fabrairu, ni zan tuƙa ta hanyar Bauchi mu karya a Dindima. Gobe in ruwa ya tsagaita zan ɗauki yaran zuwa gandun dabbobi na nan Jos, kuɗin shiga da na gasasshiyar masara duk a aljihuna.