Abin da na koya a ofishin lauya kan shari'ar kisa

Aikina a ofishin oganmu a Ikeja shi ne ɗaukar fayil, bin shari'o'i a kotu, da yi wa mutanenmu tafinta idan sun zo, na Agege da Mile 12 da Idi-Araba, galibi iyaye ne da 'yan'uwa da an kama musu yaro kan fashi ko kisa. Kusan duk maganarsu ɗaya ce, ranka ya daɗe a roƙi alƙali ya yi sassauci. To nan fa matsalar take, domin a Legas in dai kotu ta tabbatar da kisan kai ko fashi da makami alƙali ba shi da zaɓi, hukuncin kisa ne kawai, ko da zuciyarsa ta karye. Kai ko wanda ake tuhuma ya ce ya amsa laifi, kotu rubutawa take yi bai amsa ba, dole masu gabatar da ƙara su kawo hujja.

A Amurka ba haka ba ne, can ana raba shari'ar biyu, a fara da ya yi ko bai yi ba, sannan a zo kan kisa ko ɗaurin rai da rai. Shi ya sa lauyoyin Nikolas Cruz, wanda ya harbe mutane a wata makaranta a garin Parkland, suka bar shi ya amsa laifi a 2021, suka zuba ƙarfinsu kan tarihin rayuwarsa da lafiyar ƙwaƙwalwarsa, a 2022 ya tsira da ɗaurin rai da rai. Mu nan babu wannan ƙofar, duk faɗan kafin a ce an same shi da laifi ake yin sa.

Kuma wallahi mafi yawan faɗan a kan takarda ɗaya ne, sitatimen ɗin da aka rubuta a wajen 'yan sanda. Yaro daga Arewa ko Nijar, Turancin ma bai iya ba, a ce ga abin da ya faɗa da bakinsa ya dangwala yatsa. Oga ya koya min tambayoyin tun daga farko: da wane yare ya yi magana, wa ya fassara, an kawo tafintan ya ba da shaida, an ɗauki bidiyo ko akwai lauya a wajen kamar yadda dokar shari'ar laifuka ta Legas ta tanada? In yaron ya ce dukansa aka yi sai lauya ya miƙe tun lokacin da za a miƙa takardar, ba bayan an karɓa ba, a tsayar da komai a yi ƙaramar shari'a a cikin shari'ar kan ko da son ransa ya faɗa. Lauyan da ya yi shiru a wannan mintin ya cuci yaron, abin yana ci min rai sosai don na ga masu yin haka saboda ba a biya su da kyau ba.

Abu na biyun da na gane, lauya mai hankali yana magana da alƙalin da ke gabansa amma idonsa na kan kotun ɗaukaka ƙara. Shari'ar Manjo Hamza Al-Mustapha kowa ya san ta, kan kisan Kudirat Abiola a 1996. Babbar kotun Legas ta yanke masa hukuncin kisa a Janairun 2012, a Yulin 2013 kotun ɗaukaka ƙara ta sallame shi, kuma babban dalilin shi ne manyan shaidun gwamnati irin su Saja Rogers sun janye maganarsu a lokacin tambayoyin ƙwaƙwaf, kuma duk yana rubuce a fayil. Ko me mutum yake gani game da shari'ar, ita kotun sama ba ta sake jin shaidu, abin da aka rubuta a ƙasa take karantawa.

Shi ya sa oga ke dagewa a rubuta kowace ƙorafi da ya yi ko da alƙali ya yi watsi da ita, ni kuma in bi rajista in karɓo kwafin bayanan zaman kotu tun da wuri, don yaran da ke gidan yarin Kirikiri iyayensu ba su da kuɗin sake nemo fayil in ya ɓace.