Saƙon Gwaggo zuwa Barlin

Ana gobe zan tashi Gwaggo ta aiko mini da ƙullin leda uku: kuka, daddawa da yaji. Ba ta ce na wane ne ba. Da na je yi mata sallama ta rako ni har zaure, abin da ba ta taɓa yi ba, ta rage murya ta ce, "In Allah ya sa ka gan shi, ka duba mini ko yana cin abinci." Shekara bakwai ke nan ba a ambaton sunan autanta a gidan nan.

Taron kwana huɗu ne na wurin aikinmu ya kai ni Jamus. Daga Abuja muka bi ta Istanbul, muka sauka Barlin a tsakiyar Nuwamba, lokacin da rana ke faɗuwa tun ƙarfe huɗu da 'yan mintuna. Sanyin garin ba irin na hunturunmu ba ne mai busar da leɓe, shi wannan jiƙaƙƙe ne, yana ratsa riga ya zauna a ƙashi. Kwana uku ina juya lambarsa a waya ban kira ba. Ina da dalili. Ranar da aka kama shi da wasu bisa zargin neman maza a wani bikin zagayowar ranar haihuwa, aka jera su a gaban kyamara, bidiyon ya zaga WhatsApp ɗin unguwa kafin magariba, ya kira ni sau tara bayan an sake shi. Ina kallon wayar tana ƙara har ta gaji. Ni ne yayan da ya koya masa keke, ni ne kuma ban ɗauka ba.

Ranar Asabar na kira. Ya yi shiru har na zaci layin ya katse, sannan ya ce, "Yaya, kana ina?" Ya ce in hau jirgin ƙarƙashin ƙasa in sauka a Nollendorfplatz.

Na same shi tsaye a bakin tashar, ya yi ƙiba kaɗan, gemunsa ya fara furfura tun bai kai ba. Ya rusuna zai gaishe ni kamar muna tsakar gida, na riƙo shi. Mun daɗe a haka, mutane na wucewa ba wanda ya waiwayo. Da muka saki juna ya nuna mini bangon tashar. Akwai wani allon dutse mai kusurwa uku, ruwan hoda, da aka kafa a 1989. Ya karanta mini Jamusancin ya fassara: an kashe su da duka, an kuma binne zancensu da shiru. Irin wannan alama ce 'yan Nazi ke ɗinka wa mazan da aka kai sansanonin gwale-gwale saboda neman maza. Ya ce duk baƙon da ya zo masa nan yake fara kawo shi, kafin a je ko'ina.

Unguwar sunanta Schöneberg, kuma ta fi shekara ɗari tana matattarar 'yan luwaɗi da 'yan maɗigo, ko "masu harka" kamar yadda shi yake faɗa, da kalmar da ya taho da ita daga gida. Muka bi titin Motzstraße. Tutoci masu launin bakan gizo a tagogi, mashaya a jere, shagon littattafai, kantin magani, gidajen shayi. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne yawan tsofaffi. Na ga wasu dattawa biyu, ɗaya na dogara sanda ɗayan na riƙe da gwiwar hannunsa, suna tafiya a hankali kamar waɗanda suka yi shekara arba'in suna bin wannan titin. A raina kullum abin na yara ne da ruɗin zamani. Ban taɓa kawo tsufa a cikin lissafin ba.

A wata kusurwa ya tsayar da ni gaban wani kantin kayan abinci. Ya ce nan ne Eldorado, gidan rawar da ya yi tashe a ƙarshen shekarun 1920, lokacin da Barlin ke cike da irin waɗannan wurare har baƙi na zuwa daga Landan da Paris don kallo. Maza na shiga da kayan mata, mata da kwat, attajirai da 'yan wasa suna cin abinci a tebur ɗaya. Kafin Hitler ya cika wata biyu a mulki a 1933 wurin ya riga ya zama tarihi, 'yan Nazi sun liƙa tutocinsu a tagoginsa. A watan Mayu na shekarar aka fasa cibiyar bincike kan jinsi da jima'i ta likita Magnus Hirschfeld, wadda ya kafa a 1919, aka kwashe littattafanta aka ƙona a dandali. Dokar da ake kama mutane da ita, sashe na 175, tana nan tun 1871, sai dai a 1935 aka ƙara mata kaifi. Maza kusan 50,000 aka yanke wa hukunci a zamanin Nazi, dubbai daga cikinsu aka tura sansanoni. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne bayan Yaƙin Duniya na Biyu Jamus ta Yamma ta ci gaba da aiki da dokar yadda Nazi suka bar ta har 1969, ba a goge ta gaba ɗaya ba sai 1994, ba a kuma wanke waɗanda aka ɗaure bayan yaƙi ba sai 2017. Wato dattawan nan biyu da na gani, a samartakarsu su ma masu laifi ne a garinsu.

"Shi ya sa ba na sakin jiki, Yaya," in ji shi. "Garin nan ya taɓa buɗewa ya rufe."

Muka ci shawarma irin ta Turkawa a tsaye, muka sha shayi. Wajen sha ɗaya na dare ya dube ni ya ce akwai inda yake zuwa duk wata, in ba na so ya raka ni masauki. Na daɗe ban amsa ba. Ni musulmi ne, na san abin da malamaina suka karantar da ni, ban kuma zo Barlin neman wata fatawa ba. Amma shekara bakwai ina yanke wa yaron nan hukunci a kan rayuwar da ban taɓa gani da idona ba, sai abin da bidiyon minti biyu ya nuna mini. Na ce mu je.

Jirgin U1 ya ɗauke mu zuwa Kottbusser Tor a Kreuzberg, unguwar da Turkawa suka yi wa sansani tun zuwan ma'aikatan baƙi a shekarun 1960. Daren Asabar jiragen ba sa tsayawa har gari ya waye, kuma tun 1949 aka cire wa mashaya da gidajen rawa na yammacin birnin dokar lokacin rufewa. Don haka sha biyun dare a nan kamar bayan isha'i ne a wurinmu. Ya ba ni labarin Berghain, tsohuwar tashar wutar lantarki da ta zama gidan rawa mafi suna a birnin, inda ake shiga daren Asabar wasu ba su fito ba sai Litinin, mutum ya yi awa biyu a layi mai gadi ya girgiza masa kai kawai. Ya ce shi ba wurinsa ba ne.

Inda muka je layin bai kai haka ba, amma mun sha sanyi na kusan rabin awa. A bakin ƙofa wata mata ta karɓi wayata, ta manna wata 'yar takarda mai ɗanko a kan kyamarar baya, ta manna wata a ta gaba, ta miƙo mini. Al'ada ce a gidajen rawa da yawa na Barlin, ba a ɗaukar hoto a ciki. Ni abin ya zo mini kamar ƙa'idar banki. Da na juya na ga yadda yake kallon tasa wayar, yana shafa takardar da babban yatsa. Ya ce ranar da aka fara manna masa ita, sai da ya shiga banɗaki ya yi kuka.

Na yi zaton zan tarar da duhu da abin kunya. Akwai duhun, akwai giya, akwai hayaƙi, na kuma ga abubuwan da na kawar da kai. Amma kiɗan da ya tare ni na Larabawa ne da Turkawa, ganga da algaita irin tasu, wanda da za a sa shi a wani bikin Kano ba wanda zai ce baƙo ne. Mutane sun yi da'ira sun riƙe kafaɗun juna suna dabke, rawar Sham, ƙafa na dukan ƙasa tare. Wani ƙato mai gashin baki ya ɗaura gyale mai ƙyalƙyali a ƙugu yana juyi, ana yi masa guɗa. Nan take na tuna 'yan daudun da ke soya kaji a tashar garinmu muna yara, waɗanda iyayenmu mata ke sayen abincinsu suna dariyar habaicinsu, kafin zamani ya juya a fara farautarsu.

Na samu kujera a gefe da kwalbar lemo. Abokansa suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya suna gaishe ni da hannu biyu, don ya gaya musu yayansa ne ya zo daga gida. Ɗan Siriya, ɗan Iraƙi, wata 'yar Iran, wani ɗan Uganda. Ɗan Siriyan ya riƙe hannuna ya ƙi saki, ya ce shi shekara tara ke nan ba wani na jininsa da ya zauna kusa da shi. Ban san abin da zan ce masa ba. Na ce Allah ya sada su da alheri, ya amsa da amin irin ta wanda ya saba.

Can wajen ƙarfe uku muka fita shan iska, shi kuma ya buɗe mini abin da ba a gani a filin rawa. Ya ce kada in koma gida da tunanin aljanna ya samu. Ya yi wata goma sha huɗu a gidan 'yan gudun hijira, ɗaki ɗaya da mutanen da yake ɓoye musu kansa kamar yadda yake yi a gida. Akwai ƙofofin da aka mayar da shi saboda launin fatarsa, a wuraren da tutar bakan gizo ke kaɗawa a sama. Ƙwaya ta cinye masa aboki guda, yaro mai hankali, wanda ya fara da ƙarshen mako har ya zama ba ya gane ranaku. Shi abin da ya tsare shi aiki ne: yana kula da tsofaffi a wani gidan jinya, yana yi musu wanka yana ba su abinci a baki. Ya ce duk tsohuwar da ya gyara wa filo, Ummansa, wato Gwaggo, yake gani. A gida kuwa, dokar da aka sa wa hannu a Janairun 2014 ta tanadi ɗaurin shekara 10 ga wanda ya shiga irin wannan wuri kawai, shekara 14 ga wanda ya yi auren jinsi. Ya san adadin kamar lambar wayarsa.

"Sau ɗaya a wata nake zuwa nan, Yaya. Awa biyar ba na lura da yadda nake tafiya ko yadda nake ɗaga hannu. Shi ke nan abin."

Na nemi gafararsa a kan kira tara ɗin nan, a bakin titi, kusa da wani kanti mai kwana buɗe. Ya ce ya yafe tun tuni. Ya ƙara da cewa ba tara ba ne, sha ɗaya ne.

Ɗakinsa ɗaya ne da kicin a hawa na huɗu, a Neukölln. Mun isa ana dab da asuba. Ya ciro darduma daga saman kwaba ya shimfiɗa mini, ya nuna mini alƙibla ba tare da ya duba waya ba. Da na sallame na ji motsi a bayana, ashe ya yi alwala ya tayar da tasa. Bayan nan na ciro ledojin Gwaggo. Ya kwance ta daddawa ya kai hanci, ya daɗe bai ɗago ba. Bai yarda mun kwanta ba sai da ya tuƙa tuwon semo ya kaɗa miyar kuka, da man shanun Jamusawa a maimakon namu.

Muna cikin ci na ce Gwaggo za ta tambaye ni, kuma bakina kaɗai ba zai ishe ta ba. Ya gane abin da nake nufi. Shekara bakwai bai bar kowa ya ɗauki fuskarsa ba, ko a wurin aiki. Ya ajiye cokalin miya, ya goge hannu, ya gyara wuyan rigarsa, ya jawo kwanon tuwon gabansa yadda zai fito sosai.

"Ita kaɗai za ka nuna wa, Yaya. A hannunka, kada ka tura."

Na ɗaga wayar na ga allon baƙi ƙirin. Takardar matar nan tana nan a kan kyamara. Na sa farce na ɓamɓare ta.