Abin da Waldar Salansa Ta Koya Mini Game da Sensar Oksijin

Shekarun da na yi ina waldar salansa sun nuna mini cewa ƙaramin notin da ake liƙawa a jikin bututun hayaƙi domin a ɗaura sensar oksijin yana da hannu a yawan man da mota ke sha. Masu mota da yawa ba su san haka ba, wasu daga cikin abokan sana'armu ma suna ɗaukarsa aikin minti biyar.

Sensar tana auna ragowar iskar oksijin da ke cikin hayaƙi ne, ta aika wa kwamfutar mota da 'yar wutar da ke kai-komo tsakanin volt 0.1 da 0.9, ita kuma kwamfutar ta ƙara fetur ko ta rage, domin haɗin ya tsaya kusa da kashi 14.7 na iska a kan kashi 1 na mai. Tun da kamfanin Bosch ya fito da ita aka sa ta a motocin Volvo a 1976, aikinta ke nan, kuma ba ta da labarin da za ta bayar sai na hayaƙin da ya taɓa bakinta. Saboda haka idan walda ta bar ƙofa komai ƙanƙantarta a kusa da ita, bugun hayaƙi yakan zuƙo iskar waje, sensa ta ce mai ya yi kaɗan, kwamfuta ta yi ta ƙarawa, fulogi ya yi baƙi, mai mota kuma ya koma zargin gidan mai. A ganina wannan ne babban dalilin da ya sa bai kamata a saki mota ba sai an tayar da inji an bi kewayen waldar an tabbatar babu inda take huci.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne wurin da ake huda bututun. Ƙonewar fetur tana haifar da tururi, kuma idan inji ya kwana ya huce, tururin yakan zama ruwa ya kwanta a ƙasan bututu. Cikin sensa akwai tangaran siriri wanda ba ya aiki sai zafinsa ya haura digiri 300 na ma'aunin Celsius, shi ya sa aka sa mata abin ɗumamawa a ciki. Ɗigon ruwa mai sanyi ya faɗa wa wannan tangaran yana da zafi, sai ya tsage. Don haka ake so sensar ta kasance a saman bututu, bakinta yana kallon ƙasa, ta ɗaga aƙalla digiri 10 daga kwance. Idan aka ɗauki bakin bututun a matsayin fuskar agogo, tsakanin ƙarfe goma da ƙarfe biyu ya fi dacewa, ƙarfe shida kuwa ba a kusantarsa, ko da yake nan ne hannu ya fi saurin kaiwa idan mutum yana kwance a ƙarƙashin mota. Kafin in huda, nakan duba ko sifana mai lamba 22 za ta shiga, da kuma ko wayar za ta kai ba tare da ta jingina da ƙarfe mai zafi ba.

Sensar da ke sarrafa mai tana zama ne gaban matatar hayaƙi, wadda makanikai ke kira indomi, ta bayanta kuma babban aikinta shi ne lura da lafiyar matatar. Kusa da bakin salansa ba wurinta ba ne, domin iskar waje tana komowa ciki.

Wajen waldar kanta, ba a barin sensa a cikin noti ana ƙona shi, kuma ana cire kan batir tukuna. Nakan kankare bututun har farin ƙarfe ya fito, in kwashe ɓarɓashin huda don kada ya tafi cikin matata, sannan in ɗiga walda a kusurwa huɗu kafin in zagaye a hankali, ina bari yana shan iska. Gaggawa a nan tana karkatar da haƙoran noti, musamman da waldar gas mai yaɗa zafi. Awon haƙoran a yawancin motoci M18 x 1.5 ne, kuma bayan ƙarfe ya huce ya kamata sensa ta fara shiga da hannu kawai. Idan ta cije, a sake fitar da haƙoran, kada a tilasta mata. Notin da ya yi tsayi da yawa shi ma matsala ne, domin yakan ɓoye bakin sensa daga hanyar hayaƙi, amsarta ta riƙa zuwa a makare.

Man hana cijewa a kan haƙora kaɗai ake shafa shi, ba ya taɓa bakin sensa, haka nan gam mai silikon yana kashe ta. Idan kuma waya ta gaza, ba na yanke wayar sensa in haɗa da dalma, domin wasu nau'o'in ta tsakanin silin wayar suke samun iskar wajen da suke gwada hayaƙi da ita. Ana ƙara tsawon ne daga ɓangaren wayar mota, bayan soket.